Ƙasa marar teku: daga ina ruwan damanarmu yake zuwa?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata na cibiyoyin yaƙi da jahilci, karatunmu na wannan karo a kan yanayin ƙasarmu ne: zafi, ɗari, iska da ruwan sama. Kowa ya san su a jikinsa. Amma jin abu a jiki daban, sanin dalilinsa daban. Manomin da ya san yadda ruwa yake zuwa ba ya zuba irinsa duka cikin ƙasa don an yi yayyafi ɗaya. Ku karanta a hankali. Inda kuka iske lissafi, ku ɗauki alli ku yi shi da kanku.

Muna nesa da teku

Ku dubi taswira. Nijar babbar ƙasa ce. Faɗinta murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267. Ƙasashe 7 ne suke kewaye da ita: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Ko ta ina ka fita, ƙasar wasu za ka taka. Ba mu da bakin teku ko taƙi ɗaya. Gaya ce ta fi kusa da teku, amma ko daga can sai an yi fiye da kilomita 600. Hanyar mota daga Yamai zuwa Kwatano, a bakin tekun Benin, ta wuce kilomita 1000.

Mi ya haɗa manomin Tasawa da teku, shi da bai taɓa ganinta ba? Ga gwaji mai sauƙi. Ku sami ƙwarya biyu. Ku cika ɗaya da ruwa, ɗaya da rairayi. Ku aje su a rana tun da hantsi. Da azahar ku sa hannu. Rairayin ya yi zafi har yana ƙuna, ruwan kuwa ɗumi kawai ya yi. Ku bar su su kwana a waje. Da asuba ku sake sa hannu. Rairayin ya yi sanyi ƙalau, ruwan bai kai shi ba.

Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Ƙasa kuwa nan da nan take zafi, nan da nan take hucewa. Teku wata ƙatuwar ƙwarya ce cike da ruwa. Garuruwan da suke bakinta ba su san zafi mai tsanani ba, ba su san ɗari ba. Mu kuwa cikin ƙwaryar rairayi muke zaune.

Ana auna zafi da digiri. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya 37 ne. A Kwatano da wuya zafin rana ya wuce 34, da wuya sanyin dare ya sauka ƙasa da 20. A Yamai, cikin watan Afrilu, kusan kullum zafin azahar yana wuce 40, wata rana ya kai 45. Cikin Janairu kuwa, da asuba, yakan sauka wajen 15. A Bilma, can cikin Kawar, da kan duwatsun Ayar, akwai daren da ruwa yake daskarewa. Rana ɗaya tak, cikin hunturu, mutum ya tashi yana rawar ɗari, kafin azahar ya nemi inuwa. Duk wannan nisan teku ne.

Iska biyu

Iska biyu ne suke rabon shekara a ƙasarmu.

Ta farko tana fitowa daga arewa maso gabas. Ta ratso hamada, ba ta gamu da ruwa ba a hanya. Busasshiya ce. Ita ce iskar hunturu, mai fasa leɓe da dugadugai, mai kawo buda. Ƙura mai yawa daga cikin wadda take ɗaukowa daga kwarin Bodele take tashi, a ƙasar Cadi. Wurin gindin wani tsohon tabki ne babba da ya ƙafe tun zamanin da. Ƙurar tana da laushi kamar gari, har wata takan ƙetare teku ta sauka Amurka ta Kudu.

Ta biyu tana fitowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atilantika. Rana tana dukan teku, suraci yana tashi kamar na tukunya bisa murhu, sai dai ido ba ya ganinsa. Iskar ta ɗauko suracin nan ta yo arewa da shi. Shi ne yake zama girgije, shi ne yake zama ruwa. Mafarin ruwan da yake sauka a gonarka ke nan.

Mi yake jawo iskar teku har ta iso nan? Rana ce. Ku kafa sanda a miƙe a tsakar gida. Wajen ƙarshen Afrilu, da tsakar rana, za ku ga inuwarta ta shige gindinta. Rana ta zo daidai bisa kanmu ke nan. Daga nan ta wuce arewa, ta yi ta gasa hamada. Iska in ta yi zafi sama take yi, kamar hayaƙi. In ta tashi ta bar gurbi. Iskar teku ce take kwararowa don ta cike gurbin. Ashe zafin bazara da muke kuka da shi, shi ne ɗan aiken da yake kiran damana.

Akwai inda iskokin biyu suke karo. Mu kira wurin magamar iska. Ba ta tsayawa wuri ɗaya. Cikin Janairu tana can kusa da bakin teku, mu duka muna hannun iskar hunturu. Daga nan ta riƙa matsowa arewa sannu sannu. Wajen Afrilu zuwa Mayu ta shigo kudancin ƙasarmu. Cikin Agusta ta wuce Agadas. Cikin Satumba ta juya, kuma komawarta ta fi zuwanta sauri. Kafin ƙarshen Oktoba ta fita.

To, a nan ne ya kamata kowane manomi ya buɗe kunne. Isowar iskar teku ba ita ce isowar damana ba. Iskar tana shigowa ta ƙarƙashin busasshiyar iska kamar bakin gatari: gabanta siriri, bayanta kauri. Inda take siririya ba ta da ƙarfin haɗa ruwan kirki. Za ka ji iska ta juya, gumi ya ƙaru, dare ya ƙi barci, hadari ya haɗu da la'asar ya watse. Wani lokaci a yi ruwa ɗaya mai kyau, sannan a ɗauke sati biyu ko uku. Ruwa mai ɗorewa yana baya da kilomita ɗaruruwa, inda iskar ta yi kauri. Bakin gatarin nan ya cinye irin mutane da yawa.

Wani zai ce: in daga kudu maso yamma ruwa yake zuwa, don mi hadari daga gabas yake tasowa? Tambaya ce mai kyau, kuma idonku bai yi ƙarya ba. Iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya. Can bisa, kamar kilomita 3 zuwa 4 sama da kanmu, akwai wata iska mai ƙarfi da take busowa daga gabas. Suraci ya hau sama ya zama hadari, sai iskar gabas ta kora shi yamma. Shi ya sa hadarin da ya zuba a Damagaram yakan bi ta Maraɗi da Kwanni, wani har ya kai Yamai washegari. Iska mai ja da ƙura da take riga ruwa isowa, sanyin cikin hadarin ne yake faɗowa ƙasa yana share gabansa. Tsofaffi da suke juya ƙofar ɗaki ga barin gabas sun san abin da suke yi.

Yadda ake auna ruwa

Kuna ji a rediyo ana cewa: an sami milimita 25 a gari kaza. Mi ke nan?

Ku zana fili a ƙasa, mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. In aka zuba lita 1 ta ruwa a ciki, ruwan bai nutse ba, bai gudu ba, zurfinsa milimita 1 ne. Eka guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. Milimita 1 bisa eka guda lita dubu 10 ce, wato tano 50 mai cin lita 200. Ruwan milimita 20 kuwa tano 1000 ne bisa eka ɗaya. Ku tuna wahalar jawo tano guda daga rijiya, ku ga kyautar da take sauka cikin dare ɗaya. Ku ga kuma asarar da ake yi in ruwan ya bi fako ya gudu cikin kwari.

Iskar teku tana tafe tana sauke kayanta a hanya. Ƙasashen bakin teku su suke ɗibar rabo na farko. Kwatano tana samun wajen milimita 1300 a shekara, kuma damana biyu take yi. Kafin iskar ta iso mu ta yi sauƙi. A shekara matsakaiciya Gaya tana samun wajen 800. Yamai wajen 550. Maraɗi wajen 500. Damagaram wajen 400. Tawa ƙasa da haka kaɗan. Agadas tsakanin 100 da 150. Bilma ba ta kai 20 ba, wata shekara ma ko ɗigo. A taƙaice, duk kilomita 1 da ka yi arewa, ka rage kamar milimita 1 na ruwan shekara.

Tsawon damana ma haka yake. Kudu ce take fara samun iskar, ita ce kuma take rabuwa da ita daga baya. A Gaya damana takan wuce wata 4. Wajen Tanut da arewacin Tawa da ƙyar take cika wata 2 da rabi. Maiwar da take nuna lafiya lau a Gaya, in ka kai ta Tanut kara kawai za ka yanka.

Saboda haka ne gwamnati ta yi doka ranar 26 ga Mayu 1961, ta ja iyakar noma ta arewa, kusa da inda ruwan shekara yake milimita 350. Arewa da iyakar nan ƙasar kiwo ce. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun ƙetare iyakar a wurare da yawa. Mun san matsi ne ya kawo haka, ba son rai ba. Amma gaskiya ɗaya ce: gonar da aka yi a can takan ba da hatsi shekara ɗaya ta hana biyu, ga kuma rigima da masu bisashe da aka toshe wa makiyaya.

Daga kaka zuwa bazara

Cikin Oktoba ruwa ya ɗauke, ƙasa da sauran danshi, girgije ya tafi. Sai zafi ya dawo na ɗan lokaci. Shi ne agazari, mai ƙarasa nunar dawa da wake. Kaka ke nan, kowa yana wurin ɗaurin damma.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce da gari. Sama ba girgije, don haka zafin da ƙasa ta sha da rana yana tserewa da dare, ba abin da ya rufe shi. Sanyin nan dukiya ne ga mai garka. Albasa, tumatir, kabeji, salati, dankalin turawa da alkama duk shi suke so. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta matsa ƙwarai a kan noman rani, aka haƙa rijiyoyi a fadamu da bakin tabkuna, kuma garuruwa da yawa sun riƙe abin har ya zama sana'a. Sai dai mai garka ya sani iskar nan ɓarauniyar ruwa ce. Rana da iska suna iya shanye fiye da mita 2 na ruwan tabki a shekara. Ban ruwa da sassafe ko da marece ya fi na tsakar rana. Lokacin gobara ne kuma: haki ya bushe, iska tana kaɗawa, ana jin wuta cikin bukka. A kashe wuta kafin a kwanta.

Mutanen bakin kogin Kwara suna ganin wani abin mamaki a wannan lokaci. Ba a yi ruwa ba tun Oktoba, amma kogi yana cika a Yamai cikin Disamba da Janairu. Ruwan damanar ƙasar Gine ne. Ya biyo ta Mali, ya bazu cikin fadamunta, ya yi watanni a hanya kafin ya iso. Ko kogin namu ma baƙo ne daga nesa.

Daga Maris sanyi ya tafi, bazara ta kama. Rijiyoyi sun yi ƙasa, bisashe sun rame, rumbu ya fara sauka. Ƙura da bushewar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, shi ya sa sanƙarau ya fi yaɗuwa tsakanin Fabrairu da Mayu, ya kuma lafa da zarar ruwa ya sauka. Wanda ya kamu da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe. Tsofaffi da jarirai su ne zafi ya fi kayarwa. A ba su ruwa akai-akai ko ba su tambaya ba.

Ruwan shuka

Manoma suna cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Shamuwa ta dawo ta yi sheƙa. Gawo ya fara zubar da ganye, sauran itatuwa suna toho. Alamun nan gaskiya ne, amma abin da suke faɗi shi ne iskar teku ta iso. Ba su faɗi kaurinta ba.

Masu binciken noma, irin na cibiyar Sadore kusa da Yamai, sun duba lissafin ruwa na shekaru masu yawa. Ga abin da suka tsayar. Ruwan shuka shi ne wanda ya kai milimita 20, a rana ɗaya ko cikin kwana 2 zuwa 3 a jere. Kuma damana ba ta zauna ba sai in ba a yi dogon fari bayansa ba. In babu ma'auni, a tona jigawa da hannu. In danshi bai kai taƙi ɗaya ba, ruwan bai isa ba. Yayyafin milimita 5 ko 8 ya isa ya tsirar da hatsi, bai isa ya rayar da shi ba. Ƙasa mai zafin bazara tana shanye shi cikin kwana 2.

Ruwan milimita 20 a farkon Mayu da na ƙarshen Yuni ba ɗaya ba ne. Na farkon Mayu, a yankin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, sau da yawa na bakin gatari ne. Na ƙarshen Yuni yana da magoya baya. Ba mu ce kada a yi shukar wuri ba. Wanda ya dace da ita yakan riga kowa cin sabon hatsi, kuma tsiron farko ya fi cin ƙarfin ƙasa. Abin da muke cewa shi ne, caca ce, kuma mai hankali ba ya zuba duk abin da ya mallaka a caca. A shuka wani sashe, a ɓoye irin da zai isa a sake. Haka ma binne. Yana rage wa mai gonaki da yawa aiki, amma in yayyafi ya taɓa shi ya tsiro ya ƙone, ko ɓeraye da tsuntsaye suka tone, an yi biyu babu. Wanda irinsa tiya kaɗan ne, binne ba nasa ba ne.

In damana ta makara har Yuli ta shiga, kada a nace wa iri mai nauyi. Ruwa yakan ɗauke cikin Satumba, ko an yi shuka da wuri ko ba a yi ba. Ku ƙirga da yatsa: daga 10 ga Yuli zuwa 20 ga Satumba kwana 72 ne. Akwai irin hatsi mai sauri, kamar HKP, da yake nuna cikin wajen kwana 90 ko ƙasa da haka, akwai kuma wake mai sauri da bai kai haka ba. Ku tambayi malamin gona irin da ya dace da yankinku tun kafin ruwa ya sauka.

Wani abokin gaban tsiro shi ne iskar gaban hadari. Tana kwasar rairayi ta yanke ganyen hatsi ko ta binne shi. Gonar da aka share ƙaf, aka ƙone kara, ita ta fi shan wannan duka. Karan da aka bari kwance, da kalgo da sabara da aka sassabe aka bar musu reshe biyu ko uku, suna karya ƙarfin iskar. Manoman jihar Maraɗi sun kama wannan hanya tun wajen 1984, ta bazu har Damagaram da Tawa, kuma an ƙiyasta gonakin da itace ya dawo cikinsu sun kai eka miliyan 5. A kwarin Majiya, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska sun nuna amfaninsu.

Agusta ce malka. Rana ta sake zuwa bisa kanmu wajen tsakiyar watan, amma ba a jin zafinta kamar na Afrilu, don girgije ya tare ta, ƙasa kuma a jiƙe take. A wurare da yawa kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara a watan nan yake sauka. Lokacin sauro ne. A kwana cikin gidan sauro, a kuma karɓar wa yara ƙanana maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata wata cikin damana.

Shekaru ba su zama ɗaya

Lissafin da muka ba ku a baya na shekara matsakaiciya ne. Amma wa ya taɓa noma shekara matsakaiciya? Garin da ake ce wa mai milimita 500, bana ya sami 700, baɗi 300. Ko cikin shekara ɗaya ma ruwa yana da zaɓe. Daga 1990 masana sun kafa ma'aunai da yawa kewayen Yamai. Sun iske ƙauyuka biyu da ba su fi tafiyar yini a ƙasa ba suna iya bambanta da fiye da milimita 100 a damana ɗaya. Hadari yana da gefe. Kakanninmu da suke yin gona ɗaya gabas da gari, ɗaya yamma, ɗaya a jigawa, ɗaya a kwari, wannan suke gudu.

Tsofaffi sun ba da labarin yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 kuwa na ruwa ne sosai. Mutane suka ɗauka haka za a dawwama, aka yi ta sarar daji ana matsawa arewa. Sai fari ya kama daga 1968, ya yi tsanani a 1973. Bisashe suka mutu ba iyaka, makiyaya suka cika bakin birane. A 1984 ya dawo, a wurare da yawa ma ya fi na farko. Cikin Yuni 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Tabkin Cadi, da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita dubu 25 a 1963, ya janye ya bar Gigimi bisa tudu. A 2004 fari da fara suka haɗu, aka sha wuyar cimaka a 2005.

Masana sun bi sawun waɗannan shekaru, sawun ya kai su teku. In ruwan teku ya yi ɗumi a wani sashe ya yi sanyi a wani, ƙarfin iskar da take kawo mana ruwa yana canjawa. Wata shekara ta yi zurfi cikin tudu, wata shekara ta tsaya a hanya. Bayan farin 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai. Ita da ma'aikatar yanayi ta ƙasa suna duba zafin teku da hotunan tauraron ɗan Adam, su fitar da hasashen damana wajen Afrilu zuwa Mayu. Ku saurare shi a rediyo. Amma ku fahimci irin maganarsa. Yana cewa ne a yanki kaza an fi zaton ruwa da yawa, ko jinkiri, ko dogon fari. Bai san gonarka ba.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, sai dai halinsa ya canja. Duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da ake ƙonawa, kuma iska mai zafi ta fi ɗaukar suraci. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya zo sau huɗu sai ya zo sau ɗaya, ƙasa ta kasa shanye shi. Cikin Satumba 2020 kogi ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya fasa madatsai ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa. A damanar 2024 mutane fiye da 300 suka rasu a ƙasar, ambaliya ta shafi fiye da miliyan 1. Birnin Maraɗi ya sami wajen milimita 150 a ruwa ɗaya a ƙarshen Agusta. Tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram ya rushe. Har komawa lakkwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba.

Saboda haka manomin yau yana tsaron abu biyu, fari da ambaliya, wani lokaci cikin damana ɗaya. Kada a gina gida a kan hanyar ruwa don an ga ta shekara 20 a bushe. Kwari bai manta hanyarsa ba. A gyara indararo da yaɓen soro tun cikin bazara. A gona kuwa, maganin biyun ɗaya ne: a tsayar da ruwa inda ya faɗi. Tassa, rabin wata da jerin duwatsu a gicciyen gangare suna hana shi gudu, su tilasta masa nutsewa. Mutanen Adar, wajen Ilela da Keita, sun mai da fako gona da wannan aiki.

Ma'aunin cibiyarku

Kowace cibiya tana iya samun ma'aunin ruwa ba tare da kashe ko dala ba. Ku nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. Ku yanke murfin duka. Ku kafa turke mai tsawon mita 1 a fili, nesa da itace da katanga. Ku ɗaura gwangwanin bisa kansa, a daidaice, kada ya karkata. Kowace safiya bayan ruwa, kafin rana ta yi zafi, ku tsoma siririn tsinke busasshe har gindi, ku ciro, ku auna inda ya jiƙe da abin awon santimita na ƴan lakkwal. Ƙananan zane-zanen nan su ne milimita, 10 cikin kowace santimita. Ku rubuta ranar da adadin cikin littafi, ku zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba ku rubuta 0, don kwanakin fari ma abin ƙirgawa ne. Ku rubuta ranar da aka yi shuka, da irin da aka shuka, da dammunan da aka ɗaure. Bayan shekara 5 littafin nan zai gaya muku abin da rediyo ba zai iya ba, don na garinku ne. A zaɓi mutum biyu su riƙe aikin, in ɗaya ya yi tafiya ɗaya yana nan.

Ga aikin da za ku yi tare kafin karatu mai zuwa. A ce littafin wata cibiya ya nuna haka: 7 ga Yuni, milimita 8. 15 ga Yuni, milimita 5. 26 ga Yuni, milimita 14. 27 ga Yuni, milimita 9. Sauran ranakun duka 0. Milimita nawa aka samu cikin watan? Wace rana ce ruwan shuka ya cika? Wanda ya yi shuka ranar 8 ga Yuni, kwana nawa tsironsa ya yi yana jira kafin ruwan 26 ga wata? Ruwan 26 da 27 ga wata, tano nawa ke nan bisa eka ɗaya? Kowa ya rubuta amsarsa a allonsa, ya kawo wa malamin cibiya.